Garhanga: Makarantun ƙauye na jiran malaman lissafi da kimiyya

A Garhanga, ƙaramar hukumar da ke gundumar Keita a jihar Tahoua, yaro kan yi shekara shida a firamare, inda malami ɗaya ke koyar da ajinsa kowane darasi. Da zarar ya shiga kwaleji lamarin ya sauya: lissafi da malaminsa, kimiyyar halittu da nata, tarihi da labarin ƙasa ma haka. A nan ne ƙauyukan Adar, daga Keita zuwa Bouza da Madaoua, ke fuskantar matsala, domin malamin da ya ƙware a fanni guda yana da wuyar samu, yana kuma da wuyar riƙewa a karkara.

Tsarin Nijar ya raba aikin gida biyu. Makarantun horar da malamai na ENI, kamar ta Kaocen da ke birnin Tahoua, suna yaye malaman firamare. Malaman kwaleji da lise kuwa an daɗe ana horar da su a ENS ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, inda ɗalibi ke zaɓar fannin da zai koyar. Buɗe jami'a a Tahoua a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani kuma take da tsangayar ilimin koyarwa, ya kawo horon kusa da gida.

Sai dai yawancin ajujuwan ƙasar sun daɗe a hannun malaman kwantaragi, waɗanda da dama suka fara aiki ba tare da cikakken horo ba. Jarrabawar da gwamnati ta yi wa 'yan kwantaragin firamare a 2017 ta nuna kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya samu rabin maki. Yaron da ya taso da irin wannan tushe, idan ya kuma rasa malamin lissafi a kwaleji, sai BEPC ta gagare shi, daga nan hanyar cin rani zuwa Libiya ko Abijan ta fi masa sauƙi.

A tsallaken iyaka, Najeriya ta bi wata hanya. Kwalejojin ilimi irin ta tarayya da ke Katsina suna ba da takardar NCE cikin shekara uku, ɗalibi na haɗa darussa biyu, misali Hausa da Turanci. Tun 2023 doka ta ba kwalejojin tarayya damar ba da digiri da kansu.

Buƙatar ta ƙaru a Nijar tun Maris 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Jin Hausa daban, iya koyar da nahawunta ko lissafi da ita daban. Ga matashin Garhanga mai takardar bakaloriya, wannan dama ce ta aiki a gida, muddin albashi ya riƙa zuwa kan lokaci.