Ƙwarin Ruwa Masu Rayuwa a Jikin Kifi da Matsayinsu a Sarƙar Abinci ta Dausayin Baturiya

1.0 Gabatarwa

Dausayin Baturiya yana cikin fadamar Kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 101,000. A shekarar 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar. An fi sanin wurin da kifi da kuma tsuntsayen da ke zuwa daga Turai a lokacin hunturu. Wannan darasi zai dubi wasu ƙananan halittu da ba a cika kula da su ba, wato ƙwarin ruwa dangin ƙaguwa da jatan lande waɗanda ke rayuwa a jikin kifi, domin a ga irin gurbin da suka cike a sarƙar abinci.

2.0 Ire-iren Ƙwarin

Kamar yadda kaska ke maƙalewa a jikin saniya, haka waɗannan ƙwari ke maƙalewa a jikin kifaye irin su karfasa da tarwaɗa. Uku daga cikinsu sun shahara a koguna da tafkunan Afirka.

Na farko shi ne kwarkwatar kifi, wadda masana ke kira Argulus. Jikinta a baje yake kamar faifai, kuma yawanci ba ta kai santimita ɗaya ba. Tana da mazuƙa biyu da take kama fatar kifi da su, sannan ta huda ta sha jini da majinar jikinsa. Takan bar wani kifin ta yi iyo zuwa wani, kuma a kan duwatsu da tsirran ruwa take zuba ƙwai.

Na biyu shi ne Lernaea. Tamatar kan cusa kanta cikin tsokar kifi ta kafe, sauran jikin ya rage a waje kamar zare, ɗauke da jakunkunan ƙwai guda biyu.

Na uku shi ne Ergasilus, wanda tamatarsa ke saƙale ƙugiyoyinta a jajayen gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su. Idan suka yi yawa, numfashin kifin kan yi wuya.

3.0 Matsayinsu a Sarƙar Abinci

Sarƙar abinci ita ce tsarin ci da ciyarwa tsakanin halittu: gansakuka na ciyar da ƙananan ƙwari, ƙwarin su ciyar da kifi, kifi ya ciyar da tsuntsu da ɗan Adam. Ƙwarin da ake magana a kansu suna shiga wannan tsari ta hanyoyi uku. Da farko, suna ɗebe wani kaso na abin da kifi ya tara a jikinsa, ta yadda girmansa kan ragu. Na biyu, 'ya'yan da ke fitowa daga ƙwansu sukan yi yawo cikin ruwa kafin su sami kifin da za su kama, kuma a wannan lokaci da yawansu kan zama abincin 'ya'yan kifi. Ke nan wani ɓangare na abin da aka tsotsa daga babban kifi yakan koma cikin ƙarami. Na uku, kifin da ya raunana, ko miki ya kama shi a inda aka huda, ya fi saurin faɗawa bakin zalɓe ko na giwan ruwa.

Irin wannan tsari yana nan a teku. Akwai wata halitta mai santsi mai siffar lema da ake kira jelifish, wadda kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Wani ƙwaro mai suna Hyperia kan zauna a cikin lemar yana cin naman jikinta da abincin da ta kamo, sai kifaye su zo su tsince shi. Ta haka amfanin da ke jikin jelifish yake isa ga kifin da ba ya cin ta.

4.0 Tasirin Ƙarancin Ruwa

Yawan ruwa shi ke daidaita wannan dangantaka. Idan ambaliya ta cika fadama a ƙarshen damina, kifaye kan bazu, ƙwarin su sha wahalar samun su. Da rani kuwa ruwa kan janye zuwa ƙananan kududdufai, kifaye su cunkushe, yaɗuwar ƙwarin ta yi sauƙi. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage faɗin ambaliyar Kogin Haɗeja, kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Duk abin da ya ƙuntata wa kifi wuri, ya buɗe wa ƙwarin hanya, kuma masunci ne ke ɗaukar asarar. Sai dai ya kamata a sani cewa waɗannan ƙwari uku ba sa kama ɗan Adam.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙwaron da ke cutar da kifi shi ma abinci ne ga wasu, kuma ɓarnarsa ba ta tsananta sai an rasa daidaito a muhalli. Malamin da ke koyarwa a yankin Haɗeja zai iya kai wannan darasi aji da kifi guda daga kasuwa da gilashin ƙara girman abu, ɗalibai su duba fatarsa da gaɓoɓin numfashinsa, sannan su tambayi masunta sunayen da suke kiran abin da suka gani.