Fi'ilin "Get" da Fuskokinsa: Faɗakarwa ga Ɗalibai da Fataken Damagaram

Tun daga shekarar 1899 da Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, da kuma 1903 da Turawan Ingila suka ci Kano, ƙasar Hausa ta rabu gida biyu ta fuskar harshen boko, har ya zamana ɗan Zinder, wanda kakanninsa suka yi ta fatauci zuwa Kano ta hanyar Daura ba tare da tafinta ba, in yau aka miƙa masa takardar kwastan ko ta asibiti a can, sai ya tarar Faransancin da ya koya a lakwal bai fisshe shi ba. Ana koyar da Ingilishi a kwalejojin Nijar, amma duk wanda ya zauna da ɗalibai ya san babu lafazin da ya fi ɗaure musu kai kamar ɗan fi'ilin nan mai haruffa uku, wato get.

Asalinsa daga harshen mutanen arewacin Turai ne da suka mamaye sassan Ingila a zamanin da, kuma ma'anarsa ta haƙiƙa ita ce samu. Amma da zamani ya yi tsawo sai majazi ya yi ta hawa kansa, har ya zama irin abin da malaman usulu ke kira lafazi mushtaraki, wanda ba a yanke masa hukunci sai an dubi siyaƙin magana. Almajirin da ya yi nahawu a zaurukan Birnin Zinder ba zai yi mamaki ba, domin ya san ɗaraba a Larabci yana nufin duka, yana nufin buga misali, yana kuma nufin tafiya a bayan ƙasa. Bahaushe ma yakan ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci bashi, ya ci amana, a ci shi tara, kuma da aka ce Sarki Tanimu ya ci sarautar Damagaram ba wanda ya taɓa zaton cikinsa ya kai ta.

To, mabuɗin get yana ga kalmar da ta biyo bayansa. In suna ne ya biyo, ma'anar ita ce samu, ko karɓa, ko saye, kamar get money, samun kuɗi. In sifa ce, sai ya koma zama ko shiga wani hali, kamar get tired, gajiya, da get married, yin aure. A nan ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, saboda an haddatar da su cewa get shi ne obtenir, alhali Faransanci zai buƙaci devenir ko wani fi'ili dabam ɗungurungum. A ganina wannan haddar ta kalma da fassararta a jere bisa allo ita ce tushen cutar, kuma da malamin lakwal zai fara darasin da fi'ilin ci, da yaro ya gane kafin a tashi. In wuri ne ya biyo, isa ake nufi: direban da ya tashi daga tashar Zinder da asuba, ya bi ta Matameye, zai ce get to Kano. In kuwa abu ne tare da wani fi'ili, kamar get the car repaired, ma'anar ita ce sa wani ya yi maka aikin, wato kai mota gareji a gyara, ba mai motar ne ya riƙe sifana ba. I get it kuma, na fahimta ke nan.

Mafi wuya shi ne inda ɗan harafi ya manne masa, domin a nan ƙiyasi ba ya aiki: get up tashi ne, get off sauka daga mota, get over warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, get away with kuwa yin laifi a sha lafiya. Waɗannan sai dai a riƙe kowanne ɗungum, yadda ake riƙe sama'i a ilimin sarfu.

Akwai kuma wani abu da falke zai ji a Kano, a Sabon Gari ko Kantin Kwari, wanda ba ya cikin littafin kwaleji, domin a Turancin buroka na Nijeriya get ya tashi daga samu ya koma mallaka, ta yadda mai shago in ya ce I no get change, ba shi da canji ke nan a hannu. Wannan daidai ne a kasuwa, amma wanda zai rubuta wasiƙar neman gurbin karatu a Jami'ar Bayero gara ya koma ga have, ko receive, ko obtain, domin Turawan Ingila da kansu sukan rage get a rubutun hukuma, su bar shi ga hira.