Ka sayi PlayStation don gem da kallo? Tsaya ka ji wannan tukuna

Wani ƙanen abokina daga Horo Birni, can ƙasar Shagari, ya same ni da wata shawara bayan ya dawo daga ci-rani. Ya tara 'yan kuɗinsa, kuma aure na gabansa. Wai so yake ya sayi PS5 ya kafa a ɗaki, ya buga ƙwallo da abokai da rana, da dare kuma shi da amarya su kalli Labarina, su ji waƙoƙin Hamisu Breaker, duk a na'ura ɗaya. A gidan gem aka gaya masa cewa PS ta yanzu ta haɗa komai, ba sai ya sayi dikoda ko na'urar faifai ba.

Ba a yi masa ƙarya ba, amma ba a gaya masa duka ba. Kuma tunda na san da yawa cikinku suna da irin wannan buri, bari mu warware zancen.

Haɗa gem da kallo ba yau aka fara ba. PlayStation ta farko da kamfanin Sony ya fitar a Japan a 1994 tana kunna faifan waƙa na CD. PS2 da ta zo a 2000 tana kunna DVD, kuma a lokacin na'urar DVD tsada gare ta, shi ya sa mutane da yawa a Japan da Turai suka saye ta don kallon fim kawai. Wannan na cikin abin da ya sa aka sayar da sama da miliyan 150, har ta zama ta ɗaya a tarihin na'urorin gem. PS3 ta 2006 ta zo da Blu-ray. To amma mu nan abin bai taɓa yi mana daidai ba. Lokacin da PS2 ta cika gidajen gem na Sakkwato da Kano, finafinan Hausa suna kan kaset ɗin bidiyo ne, daga baya suka koma VCD, ita kuwa PS2 ba ta karanta VCD. Sai ka ga ɗaki guda da PS2 a gefe don Winning Eleven, ga kuma 'yar na'urar China a ɗaya gefen don kallon Ali Nuhu.

Yanzu al'amarin ya juya. Kasuwar faifai ta mutu murus, Kannywood ta koma fim mai dogon zango a YouTube da tauraron ɗan Adam. Izzar So na Lawan Ahmad a tashar Bakori TV yake, Labarina na Aminu Saira a Saira Movies, ga su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24. Mawaƙa ma haka, daga Ali Jita har Umar M. Shareef, kowa a YouTube yake sakin bidiyonsa. Kuma YouTube tana kan PS4, tana kan PS5, tana kan Xbox, har Nintendo Switch tana da ita. Ba sai ka biya kuɗin PlayStation Plus ba kafin ka buɗe ta, wannan kuɗin na masu buga gem da mutane ta intanet ne. Akwai Netflix a PS da Xbox, wadda ta fara aiki a Najeriya tun 2016, da Spotify da ta shigo a 2021, har kana iya sa waƙa tana tashi kana buga FC. Switch dai ba ta da Netflix, don haka mai son kallo ya cire ta a lissafi.

Har nan magana ta yi daɗi. Matsala ta farko ita ce data. Netflix da kansu sun ce kallo mai tsabta na HD yana iya cin gig 3 a awa ɗaya, na 4K kuwa har gig 7. A waya ba ka jin wannan, saboda allon ƙarami ne, ko ka rage hoton bai dame ka ba. Amma a talabijin mai inci 43, idan ka rage, fuskar jaruma sai ta koma kamar an shafa mata toka. Idan kuma ka bar shi a sama, fim mai awa ɗaya da rabi zai lashe datar da kake lallaɓawa sati guda. Ƙari a kan haka, na'urar ba ta da ramin sim. Sai ka kunna mata intanet daga wayarka ko ka sayi MiFi, kuma duk wanda ya zauna ƙauyukan da ke bayan Boɗinga ya san yadda sabis yake yi, wani lokaci sai ka fita bakin titi. Sannan ita kanta PS ɗin tana da nata cin: gem ɗaya na zamani yana kai gig 50 zuwa 100, kuma in ba ka kashe saukar da sabuntawa ta kai-tsaye ba, za ta kwashe maka data kana barci.

Akwai kuma batun rajista. Kafin ka sauke YouTube a PS sai ka buɗe asusun PlayStation Network, kuma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa. Shi ya sa kowa yake zaɓar Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu. Ka riƙe wannan da kyau: ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa, kuma katin kuɗin gem da za ka saya dole ya zama na ƙasar. Sannan kada ka bari mai shago ya buɗe maka da imel ɗinsa. Na san wanda ya yi haka, ranar da na'urar ta nemi lambar sirri, mai shagon ya daɗe da tashi daga wurin.

Hanyar da na fi ganin ta dace da mu ita ce filash. Ka je wajen masu tura fim, su cika maka, ka zo ka soka a PS, ba ruwanka da data. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma nan ne mutane suke cewa na'urar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Dole filash ɗin ya kasance a tsarin exFAT ko FAT32. Dole finafinan su shiga cikin folda, in ka zube su a fili ba za ta gan su ba. Waƙoƙi kuma sai foldar da aka sa wa suna Music. PS4 tana buƙatar manhajar Media Player, wadda ake saukewa sau ɗaya, kuma tana karanta MP4 da MKV da AVI. PS5, duk da tsadarta, ta fi ta tsiya a nan, MP4 da MKV da WEBM take karɓa. Tsohon 3GP na ƙananan wayoyi babu wadda ke kallonsa a cikinsu. Don haka ka ce wa mai turi na talabijin kake so, ya ba ka babba. Xbox ta fi su sauƙin kai, tana da manhajar VLC da ke buɗe kusan komai, tana kuma da burauzar Edge, abin da PS5 ba ta bar wa mutane a fili ba.

Mai tarin faifai kuma ya lura. PS5 iri biyu ce, mai faifai da marar faifai, haka Xbox Series S ba ta da wurin sa faifai sam. Kuma daga PS4 har PS5 babu mai kunna CD na waƙa. Wato faifan Nura M. Inuwa da ka adana tun kana sakandare, PlayStation ta 1994 za ta kunna shi, ta 2020 ba za ta kunna ba. Abin dariya, amma haka yake.

Sai babbar magana, wuta. PS5 tana jan kusan wat 200 idan ana gem mai nauyi, kallo kawai ma tana wuce wat 50, ban da talabijin. Ƙaramin sandan kallo irin Fire TV Stick bai kai wat 10 ba, kuma YouTube ɗin dai ɗaya ce. Wanda yake kan layin Kaduna Electric yana jiran a kawo, ko yake lallaɓa batirin sola ɗaya da fanka da ƙwan fitila, ya san bambancin. Ɗauke wuta ba zato ma yana yi mata illa, musamman idan tana cikin adana wani abu, sai ka kunna ka tarar tana gyaran kanta, wani lokaci abin da ka adana ya tafi. In janareto za ka sa mata, ka haɗa da sitabilaiza.

Zafi ma haka. Sony sun rubuta cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35. Mu kuwa a Sakkwato watan Afrilu yana wuce 40, balle ɗakin kwano da azahar. Ga ƙurar hunturu da fankarta ke zuƙa. Kada ka kulle ta cikin shokes don ado, kada ka lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki, kada ka ajiye ta a ƙasa kan kafet. In ka ji PS4 tana ƙara kamar jirgi zai tashi, galibi ƙura ce ta toshe ta.

Abin da na gaya wa yaron nan shi ne, in gem ne ya fi damunsa, ya sayi PS4 Slim ta hannu mai lafiya. Ba ta kai PS5 shan wuta ba, tana karanta filash fiye da ita, tana da YouTube, ragowar kuɗin kuma ya ƙara batiri. In kuwa kallon ne gaba, talabijin mai ramin filash ta ishe shi, gem ɗin ya ci gaba da zuwa shago. Na kuma tuna masa abin da masu gidan gem ba za su faɗa ba: talabijin ɗaya ce a ɗakin. Ranar da sabon Labarina ya fito, shi kuma abokai sun zo da madannai a hannu ana bin bashin ci uku, wani sai ya haƙura, kuma na san ba amarya ba ce.

Ya ce zai yi tunani. Kafin ya tafi na ce in zai sayi ta hannu, ya tafi da filash ɗinsa da fim a ciki, ya sa mai shago ya kunna ta a gabansa ta yi rabin awa tana aiki, ya saurari ƙarar fankar, ya gwada ramukan USB duka biyun, sannan ya ƙirga kuɗi.