Wa Ya Ke Da Ikon Riƙe Bindiga?

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wani ɗalibinmu ya kawo mini bayan ya komo daga gwajin koyarwa. An tura shi wani ƙauye ne a gindin duwatsun Kagoro. Bai yi mako biyu ba sai samarin garin suka zo masa da dare, suka ce tun da ya ke shi mai ilmi ne, shi zai riƙe musu littafin karo-karo. Ya ce na mene ne? Suka ce na sayen bindigogi, don an sha kai wa maƙwabtansu hari.

Ya ce mini, "Malam, na rasa ta cewa. In na ƙi, a ce ba na kishin mutanen da su ke ci da ni. In na yarda, ban san abin da na jefa kaina ciki ba. Wani daga cikinsu ma cewa ya yi ai a Amurka kowa da bindigarsa, kuma hakkinsa ne."

To, da yawanku za ku gamu da irin wannan tambaya, gama a ƙauye malamin makaranta shi ne magatakarda, shi ne lauya. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana muku abin da doka ta ce, da inda ta samo asali.

Mu fara da tarihi. Kakanninmu na wannan yanki ba su san lasisi ba. Kowane magidanci yana da bakansa da kwarinsa, da su ya ke farauta, da su kuma ya ke tsare iyalinsa a zamanin harin bayi, sa'ad da duwatsu su ne garu. Bikin Afan da a ke yi a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu yana tuna mana da wannan zamani na maharba. Bindiga kuwa baƙuwa ce. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka taru a birnin Burasels, suka ƙulla yarjejeniya cewa kada a sayar wa mutanen yawancin ƙasashen Afirka bindigogin zamani, sai dai na toka. Sun ce don a hana cinikin bayi ne, amma kuma ta yi musu rana, domin sa'ad da suka zo Kano da Sakkwato a 1903 su ne da igwa da bindiga mai jigida. Tun daga nan asalin dokarmu ya kafu: babban makami na hukuma ne, talaka kuwa sai abin da aka yardar masa.

Dokar bindigogi da mu ke aiki da ita ta fara aiki a 1959, kafin mulkin kai. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, watau igwa, da roka, da bam, da gurneti, da bindiga mai jigida, da bindigogin soja irin su AK-47, har da ƙaramar libarba. Waɗannan ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na toka, waɗanda a ke ɗura wa albarushi ta baki, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadar masa tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Har wa yau, a 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka mai nema sai ya fara tambaya a ofishin 'yan sanda.

Ku lura da abu guda. A dokarmu kare kai hakki ne, amma riƙe bindiga izini ne, wanda ya bayar yana iya karɓewa. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa daga mai kawo masa hari, haka kuma Final Kod, dokar hukunta laifuffuka ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960. Amma an gindaya sharuɗɗa: kada ka yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ta ke bukata, kuma in akwai sararin kiran hukuma, sai a kira ta. Wanda ya kori maharan da suka shigo gidansa ya kare kai. Wanda ya jira gari ya waye, ya tara samari, suka tafi rugar da ke kusa ko unguwar da ke tsallaken rafi suka sa wuta, wannan ramuwa ya yi, a gaban alƙali kuwa shi da maharan farko sunansu ɗaya. Game da ƙungiya mai makami, sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, kuma al'amarin makamai na Gwamnatin Tarayya ne kaɗai. Ko Gwamna ba shi da ikon ba da lasisi.

To, Amurka fa? Gaskiya ne, a can hakki ne. A 1791 suka ƙara wa tsarin mulkinsu gyara na biyu, wanda ya ce ƙasa mai 'yanci tana bukatar rundunar sa-kai mai kyakkyawan tsari, don haka kada a hana jama'a riƙe makami. Dalili shi ne ba su daɗe da gama yaƙi da Ingila ba, suna tsoron sojan sarki. A 2008 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa hakkin na kowane mutum ne, ko ba ya cikin runduna. Amma ku dubi abin da su ke biya. Wata cibiyar bincike da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga kamar 120 ga kowane mutum 100 a Amurka, mu kuwa a Nijeriya kamar 3 ne. A 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Birtaniya ta bi wata hanya dabam: bayan wani ya harbe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, sai aka haramta ƙananan bindigogi a 1997.

Kada ku ce ban san abin da ya kai samarin nan ga karo-karo ba. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, kafin a ankara ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf. A Afrilun 2011, bayan zaɓe, aka kashe ɗaruruwan mutane a wajen Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, kasuwar Kafanchan ta ƙone. A 2016 aka kai hare-hare Godogodo da Goska. Ba ƙabila ko addinin da bai binne nasa ba. Mutumin da ya kwana a dawa da 'ya'yansa, ya kira hukuma ba ta zo ba sai da rana ta take, in ka karanta masa doka sai ya ce, ina ita dokar ta ke jiya da dare? Tambayarsa kuwa tana kan hanya, domin sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne aikin Gwamnati na farko. Manya ma sun faɗi irin wannan magana. Janar T. Y. Ɗanjuma ya ce wa jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018, Gwamna Masari na Katsina ya faɗa a 2021, Gwamnatin Zamfara kuma ta ce wa mutanenta su nemi lasisi a 2022. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya nuna bindigogin 'yan sanda fiye da 178,000 ba a san inda su ke ba, ga kuma makaman da suka malalo ta hamada bayan faɗuwar Gaddafi a 2011.

Duk da haka, mu tambayi waɗanda suka riga mu gwadawa. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi ne don maganin ɓarayin shanu. Da suka ga ba mai tambayarsu, sai suka shiga kashe Fulani a kasuwa ba shari'a. Waɗanda aka taɓa suka sayar da shanu suka sayi bindigogin da suka fi nasu, wutar da ta tashi kuwa ta ci Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari. Dalilin a fili ya ke. Bindigar da ka saya don tsoro, maƙwabcinka ba ya ganin tsoronka, bindigar kaɗai ya ke gani, shi ma sai ya saya. Sa'an nan bindiga ba ta ruɓewa kamar doya. In an yi sulhu tana nan a rufin ɗaki, tana jiran ranar zaɓe, ko rikicin gona, ko ranar da yaron da ya iya harbi ya rasa aikin yi.

A Maiduguri kuma, 'yan ƙato-da-gora da suka tashi a 2013 sun taimaka ƙwarai wajen korar Boko Haram daga cikin gari, domin sun yi aiki tare da soja, daga baya kuma aka rubuta sunayensu, aka horar da wasunsu. Ko su ma an yi kuka da wasunsu. A nan jiharmu an yi dokar kafa rundunar 'yan sintiri a 2016, a 2023 kuma aka ɗauki mutum 7,000. A ganina abin tambaya ga kowace ƙungiya shi ne: wa ya rubuta sunayensu, wa ya ke ƙidaya harsashinsu, in sun yi laifi kuma wa zai kama su? Ƙungiyar da ba ta da amsar waɗannan uku, ko da niyyar kirki ta fara, ƙarshenta ba ya hannunta.

Ga abin da na ce wa ɗalibin nan, shi na ke ce muku. Kada ka riƙe littafin sayen makamin da doka ta hana, gama sunanka ne a kai, kuma aikinka da 'yancinka ka ke jinginarwa. Amma kada ka juya musu baya. Ka ce za ka riƙe wani littafin: na sunayen masu sintiri, a kai wa mai gari da ofishin 'yan sanda su sa hannu. Kuɗin a sayi tocila da usur da katin waya. Ka rubuta musu takardar koke zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, da ranar kowane hari da lokacin da aka kira hukuma da lokacin da ta zo, domin rubutu ya fi ihu nisa. Ka nemi lambar ardon rugar da ke kusa da ta fasto da ta limamin garin da ke maƙwabtaka, a riƙa bincika jita-jita kafin ta kwana. Wannan ba sabon abu ba ne: a watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 na ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachiya da Sanga sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Ba ta kashe wutar duka ba, amma ta nuna ana iya zama a inuwa ɗaya.

Ban ce masa wannan zai tare harsashi ba, ba zan kuwa ruɗe ku ba. Maganin gaske shi ne hukumar da ke zuwa in an kira ta, da kotun da ke hukunta mai kisa ko ɗan wane ne, wannan kuwa bashi ne da za mu yi ta bin Gwamnati har ta biya. Amma ku tuna, a ajin da za a ba ku akwai ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Fulani da Bahaushe a benci ɗaya. Bindigar da aka saya da sa hannun malaminsu, ba wanda ya san uban wanne daga cikinsu za ta samu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.