Malamin Aji da Kwamfuta: Abubuwa Biyar da Suka Zama Dole

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.



Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, makarantu suka rufe, jama'a suka watse. Da mutane suka fara komowa Kalakla bayan watan Maris na 2025, da yawa daga cikin malamanmu sun tarar da abin da ya fi asarar kujeru da ƙofofi zafi: rajistar ɗalibai babu, takardun sakamako babu, littafin da ake rubuta hizbin da kowane yaro ya kai shi ma babu. Yaro ya dawo ya ce yana izu ashirin, malami ba shi da abin da zai duba. To wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana kan sanin kwamfuta ga malami, ko na madarasa ko na khalwa.

Ba muna nufin malami ya zama injiniya ba. Kuma idan mun ce kwamfuta, har da wayar da ke aljihunka, malam, domin ita ma ƙaramar kwamfuta ce. Abubuwa biyar ne muke ganin sun zama dole.

Na farko, rubutu. Malami ya iya buga takardar jarrabawa da kansa, da Larabci da Hausa. A Larabci ya san yadda ake sa wasali da shadda, don kada yaro ya karanta fa'ili a matsayin maf'uli. A Hausa kuma ya nemi haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, sai dai a shiga saiti a ƙara ta. Kada a raina wannan, ai "karya" daban, "ƙarya" daban. In an gama, a mayar da takardar PDF kafin a kai ta wurin masu bugawa a kasuwar Laffa, saboda rubutun Larabci yakan hargitse idan an buɗe shi a wata na'urar da ba ta da irin harafin da aka yi amfani da shi.

Na biyu, ajiya. Sunayen ɗalibai, shekarunsu, surar da suka kai, da makin jarrabawa, duk a jera su a jadawali irin na Excel. Wanda bai iya ba tukuna, to ya ɗauki hoton kowane shafi na rajista a ƙarshen wata. Sai a ajiye a wuri uku: cikin waya, cikin filashi ko memori da ke hannun wani amintacce, da kuma imel ko Google Drive. Kowane fayil a ba shi suna da kwanan wata, kada a bar shi da lambobin da waya ta sa masa. Da mun yi haka kafin 2023, da malamin da ya yi gudun hijira zuwa Kosti ko Gadarif ya buɗe rajistarsa daga can.

Na uku, sauti. Ga mai koyar da Alƙur'ani wannan ya fi komai amfani. Malami ya zauna wuri shiru, ya ɗauki karatun darasin gobe da muryarsa, aya-aya, yana barin ɗan lokaci don yaro ya maimaita, ya tura wa iyaye. Amma a kula da riwaya. Iyayenmu Hausawa da Warsh suka zo, khalwowin Sudan da yawa Duri suke yi, mafi yawan abin da ke intanet kuwa Hafs ne. Tun daga Fatiha ake jin bambanci: kalmar "Maliki" Hafs yana jan mim ɗinta, Warsh da Duri ba sa ja. Kun ga idan yaro yana wanke allo da Warsh, a gida kuma yana sauraron Hafs, sai ya cakuɗa. Sheikh Mahmud Khalil al-Husari na Masar ya ɗauki Alƙur'ani cikakke da Hafs a 1961, daga baya ya yi da Warsh da Ƙalun da Duri. Saboda haka akwai su, aikin malami shi ne ya duba sunan riwayar kafin ya sauke.

Na huɗu, aiki ba tare da intanet ba. Ba mu manta da Fabrairun 2024 ba, lokacin da layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke, har kuɗin Bankak ya gagara turawa. Wutar lantarki ma kowa ya san halin da take ciki. Don haka duk ranar da aka samu sabis mai ƙarfi, malami ya sauke littattafai da karatun da zai buƙata, ya iya tura su daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Idan makaranta ta samu majigi ko talabijin, ya iya haɗa shi, ya gwada kafin yara su shigo. Kuma kullum ya tanadi alli, don in wuta ta ɗauke darasi ba zai tsaya ba. Hoto ɗaya na taswirar hanyar Hijira daga Makka zuwa Madina ya fi shafuka goma masu walƙiya da ba su ƙara wa yaro komai.

Na biyar, tantancewa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, malaman hadisi kuma a kan haka suka gina ilimin isnadi. Saƙo ya shigo WhatsApp an ce hadisi ne, to kafin malam ya karanta wa yara, ya buɗe Maktaba Shamila ko littafin da ke hannunsa, ya ga wa ya ruwaito shi, me malamai suka ce game da ingancinsa. Abin da malami ya faɗa a aji, yaro da shi zai tsufa. Cikin amana kuma har da hotunan ɗalibai: kada a sa fuskar yaro ko ta ɗaliba a Facebook ba da izinin iyaye ba.

Wani dattijo zai ce, mu da allo da tawada muka haddace, me ya rage mu? Gaskiya ne, baba, kuma ba mu ce a ajiye allo ba. Alƙur'ani daga baki ake karɓarsa. Waya ba ta jin yaro ya taƙaita madda balle ta gyara masa, kuma ba ta ba da ijaza. Sai dai yaranmu sun yi asarar kusan shekara biyu ta karatu, malamai kuma ba su gama dawowa ba. Duk abin da zai sa darasin malami ɗaya ya isa gida talatin, ba abin ƙi ba ne.

Shawararmu ga ɗalibai matasa: ku da hannunku ya saba da waya, ku zauna da malamanku cikin ladabi ku nuna musu, ba da dariya ba. Ku kuma malamai, tambaya ba ta rage girma. A fara da abu ɗaya a wannan makon: a ɗauki hoton rajista, a tura wa amintacce.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Amin.