Lantarkin da ke buɗe wa magani ƙofa

Biliyomaisin tsohon maganin ciwon daji ne mai ƙarfin gaske, amma yana da nakasu ɗaya: da ƙyar yake ratsa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta. Sai ya yi ta yawo a jini, kaɗan ne ke shiga inda aikinsa yake. Likita kuwa ba shi da halin ƙara yawansa yadda ya ga dama, don yana iya taɓa huhu.

Dabarar da aka samo ita ce a ɗana wa ƙarin dajin lantarki. Bugu 8 ake yi, kowanne bai wuce kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa ba, da ƙarfin kusan bolt 1,000 a kowace santimita. Nan take tantanin ya yi 'yan ƙananan huji, magani ya kutsa, bayan 'yan mintuna hujin ya rufe da maganin a ciki. Ƙarfin maganin a wurin yakan ninka sau ɗaruruwa, alhali sauran jiki ɗan abin da aka saba kawai ya sha. Okino da Mohri sun gwada haka a kan dabbobi a Japan a 1987, sannan a 1991 Lluis Mir da abokan aikinsa na cibiyar Gustave Roussy a Faransa suka ba da rahoton gwajin farko a jikin mutane.

A kan fata abin da sauƙi, tunda ido na ganin ƙarin. Can cikin hanta ne ake yin ta. Duk sashen ƙarin da lantarki bai kai masa yadda ya kamata ba, ƙwayoyinsa na nan a rufe, kuma daga nan ciwon zai sake tsirowa. Shi ya sa masana a Ljubljana ta Silobeniya suka ɗauki hanyar tsara aikin a kwamfuta tun kafin tiyata: a ɗauki hoton ƙarin, a lissafa inda za a soka kowace doguwar allura mai kai lantarkin da ƙarfin da za a saka tsakanin kowaɗanne biyu. Ga kuma zuciya a kusa, ita ma da lantarki take bugawa. Dole na'urar lantarkin ta bi bugunta, ta saki wutar daidai lokacin da ba za ta rikita ta ba. Majiyyacin yana cikin barcin tiyata, domin tsoka na zabura da kowane bugu.

A ganina, babbar fa'idar tana ga ƙarin da ya manne da manyan jijiyoyin jini, inda wuƙa ke da haɗari, ƙonawa da zafi kuma ba ta cika ci ba saboda jinin da ke gudana yana kwashe zafin. Wannan hanya ba ta dogara da zafi ba, jijiyar takan tsira. Sai dai iyakarta inda allura ta kai. Ciwon da ya riga ya bazu a jiki yana bukatar wani maganin daban.