Ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: Abin da ya kamata majinyaci ya sani kafin ya dogara da ƙwaya

A garuruwan Kazaure da Babura da ƙauyukan Roni da Gwiwa, abu ne da aka saba gani mutum ya tsaya a kemis bayan Magariba ya ce a haɗa masa “na ciwon jiki”. Sai a ƙulla masa ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, babu suna, babu takardar likita. Wanda gajiyar yini guda ta kama yana iya sha ya wuce lafiya. Haɗarin yana kan wanda ya shafe watanni yana yin haka saboda ciwon baya, ko amosanin gaɓɓai, ko sikila.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk ciwon da ya zarce wata uku, ko yake tafiya yana dawowa tsawon wannan lokaci, a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma irin wannan ciwo yana buƙatar tsarin magani na daban da na ciwon kwana biyu.

Mafi yawan abin da ake sakawa a irin wancan haɗi su ne Diclofenac da Ibuprofen da Piroxicam. Suna rage zafi da kumburi, amma dukkansu dangi ɗaya ne, don haka shan biyu a lokaci guda ninka illa ne kawai. Yawan shan su yana cinye bangon ciki har ya haifar da gyambon ciki da zubar jini, yana rage jinin da ke isa ƙoda, yana kuma tayar da hawan jini. Manomi ko ɗan dako da ya wuni cikin rana bai sha isasshen ruwa ba, ƙodarsa ta fi saurin jigata da su. Wani lokaci akan ƙara Dexamethasone ko Prednisolone a cikin ledar. Mutum ya ji garau, kumatunsa su ciko, ’yan uwa su yi ta murna ya murmure, alhali suga na hauhawa, ƙashi na yin rauni. Wanda ya daɗe a kansu bai kamata ya yanke su lokaci guda ba, sai likita ya riƙa rage masa a hankali.

Ko Paracetamol da ake rainawa yana da iyaka: kada baligi ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, domin fiye da haka yana lalata hanta.

Sai kuma masu ƙarfi irin su Tramadol da allurar Pentazocine. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka gudanar a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. A watan Mayun shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai Kodin. Tramadol ɗin da Hukumar NAFDAC ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da 100. Mai 225 da ake sayarwa a ɓoye haramtacce ne.

Sai dai tsaurin yana da nasa illar. Mai sikila da ciwo ya tashi masa tsakar dare yakan gamu da kallon zargi idan ya nemi magani mai ƙarfi, alhali yana da haƙƙin a kashe masa zafin. Abin da ya dace shi ne ya kasance yana da kati da likita guda da ya san tarihinsa, a rubuta abin da za a ba shi idan ciwon ya motsa, a kuma duba ko maganin Hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon, zai dace da shi.

Da yawa daga cikin majinyata sukan shiga ɗakin likita su ce “jikina ne duk ke ciwo”, su yi shiru. Wannan bai isa ba. Likita yana son jin inda ciwon yake, da lokacin da ya fara, da abin da ke tsananta shi, da ko yana hana barci ko ruku’u a Sallah. Yana son jin ko ciwon suka yake yi, ko zugi, ko ƙuna kamar an zuba barkono a tafin ƙafa. Wannan na ƙarshe, wanda masu ciwon suga suka san shi, alamar ciwon jijiya ne, kuma Diclofenac bai cika yi masa komai ba. Akan yi amfani da Amitriptyline ko Gabapentin. Ya kamata majinyaci ya tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya kuma faɗi gaskiyar adadin da yake haɗiya. Sannan ya tambaya: tsawon wane lokaci zai sha, wace illa zai lura da ita, yaushe za a gwada ƙodarsa, kuma yaya zai yi da maganin lokacin azumi?

Mazauna yankin za su iya farawa daga manyan asibitocin Kazaure da Babura. Idan lamarin ya shafi ƙashin baya ko gaɓɓai, akan tura majinyaci Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake samun sashen gashin ƙashi da motsa jiki. Amai mai jini, ko baƙin bayan gida, ko kumburin ƙafa da raguwar fitsari, alamu ne da ke buƙatar a dakatar da ƙwayoyin rage zafi a garzaya asibiti a ranar.